Makon da Baba Ya Ƙi Saya

Duk wanda ya san babanmu, Veijo Moilanen, ya san bakinsa bai iya cewa a'a ba. Shekara talatin da 'yan kai yana tuƙa bas a garin Kajaani, kuma har yau tsofaffin unguwarmu suna ba da labarin yadda yake tsayawa ya sauke mutum a ƙofar gidansa ko da babu tasha a wurin, don kawai an ce masa, "Veijo, ƙafar nan ce ta dame ni." Injin shara uku ne a gidanmu. An yi lokacin da mujallar masu kiwon doki take zuwa mana duk wata, mu da ko kyanwa ba mu ajiye ba, saboda wata yarinya ta bugo waya tana talla, Baba ya ji muryarta kamar ta gaji.

Mamanmu, Terttu, ita ce mai cewa a'a a gidan. Da ta ji Baba a waya yana "to, to, haka ne kam," sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta zo ta zare wayar daga kunnensa, ta ce, "Ba ma so, mun gode," ta kashe. Baba ya sosa ƙeya ya koma ga jaridarsa.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kama Mama. Ta rayu, amma hannun dama da ƙafar dama suka yi nauyi, magana kuma ta koma ɗaya-ɗaya. Hankalinta garau yake, kalmomin ne ke maƙalewa a hanya, sai ta yi ta kokawa kafin guda ta fito. Ɗan gidanmu na katako da ke bakin tafki, inda muka yi duk hutun bazararmu tun muna yara, ya gagare ta: ga matakala, ga banɗaki a waje, ga hanyar duwatsu zuwa sauna, ɗakin wankan tururi. Baba ya sayar da shi, kuɗin suka zauna a banki. Ni ina Tampere ina koyarwa a firamare, yayana Pasi yana Oulu yana aiki da kamfanin injinan gini. Mukan buga waya ranar Lahadi. Zuwa kam, sai an yi sa'a.

Wata ranar Lahadi a ƙarshen kaka Baba ya ce da ni a waya, "Mervi, mun ci kyauta."

Na ce, "Wace irin kyauta, Baba?"

"Kwana biyu a Lapland, can arewa, ni da mamanki da duk wanda muka zo da shi. Gida a gindin tudu, da saunarsa a ciki. Ba za mu biya ko sisi ba. Abin da suke so kawai mu zauna mu saurare su ranar Asabar da safe."

"Saurarar me?"

"Mako suke sayarwa. Ka sayi mako guda a gidan, ya zama naka duk shekara, sauran makonnin kuma na wasu ne. Yaron da ya kira ni yana da ladabi sosai."

"Ka ce masa me?"

"Na ce to."

Ina ajiye wayar na kira Pasi. Ashe shi ma Baba ya riga ya gaya masa. Ya ce, "Kuɗin gidan tafki za su kwashe. Kin san shi. Su ba shi kofi su tambaye shi lafiyar Mama, shi ke nan ya sa hannu."

"To sai ka je ka tsare shi."

"Ni kaɗai? Ke ba 'yarsa ba ce?"

"Kai ne babba, kuma kai ne kusa."

"Ke ce mai bakin Mama ai. Ni lissafi na iya."

Muka ja-in-ja kamar yadda muka saba tun muna raba kujerar bayan mota, daga ƙarshe muka yarda mu je dukanmu. Na bar yarana wajen babansu, Pasi ya bar nasa wajen matarsa, muka haɗu a Kajaani ranar Juma'a da safe. A farfajiyar gida, kafin su Baba su fito, muka raba aiki: Pasi zai farfasa lissafinsu, ni kuma zan zauna kusa da Baba in tabbatar biro bai shiga hannunsa ba.

Baba ne ya tuƙa, don ba ya yarda wani ya tuƙa shi. Abin da na fara lura da shi shi ne yadda ya shigar da Mama mota. Ya juya ta, ya ɗaga ƙafar daman da hannu ɗaya, ya sa mata bel, ya naɗe keken da take dogarawa ya jefa a but, duk cikin ƙiftawar ido. Na miƙa hannu zan taimaka, Mama ta dube ni ta ce, "Bari." Na bari.

Da ma na so wurin ya kasance mummuna. Bai kasance ba. Farkon Disamba ne, lokacin da rana da ƙyar take leƙowa a can arewa, dusar ƙanƙara ta rufe komai, itatuwa sun sunkuya da nauyinta, sama ta yi shuɗin nan na tsakar rana wanda ba ya daɗewa. Gidan a ƙasa yake, babu matakala ko ɗaya. Ƙofofin masu faɗi, ƙasan ɗaki da ɗumi, banɗaki da ƙarfen riƙewa a bango. Mama ta tura kekenta daga falo har ƙofar sauna ba tare da kowa ya riƙe ta ba, ta dawo, ta tsaya a babbar tagar da ke kallon tudun. Ta daɗe a tsaye. Can ta ce, "Kyau."

Da yamma Baba ya kunna sauna. Ni na shiga da Mama. Tun da ta kwanta ciwo ban ga jikinta ba, na ga yadda hannun ya rame. Ta zauna a bencin ƙasa, ta rufe ido, tururi ya sauko mata, sai na ga kafaɗunta sun saki. Na zuba ruwa a kan duwatsun murhun masu zafi, ta ɗaga yatsa ɗaya: ƙara. Na ƙara. A nan ne na fara tunanin, shin wace ce ni da zan hana ta wannan? Me kuɗin suke yi a banki?

Muka ci romon kifi da baƙin burodi. Pasi ya yi ta zagaye gidan yana ƙwanƙwasa bango, yana leƙa bayan firij, wai yana neman aibu. Ya dawo ya zauna ya ce, "Ginin dai ba laifi." Baba kuwa yana yanka wa Mama burodi ƙanana-ƙanana.

Da safe aka kai mu wani ɗaki a babban ginin, mai kujeru masu laushi da hotunan iyalai suna dariya a bango. Yaron mai ladabi ya tarye mu. Sunansa Niklas, bai kai talatin ba, kuma gaskiyar Baba, yana da ladabi. Ya ja wa Mama kujera, ya tambaye ta ko da madara take shan kofi, ya jira har ta amsa da kanta, abin da mutane da yawa ba sa yi. Na ga Baba ya lura.

Niklas ya fara da tambayoyi. Jikoki nawa? Ina muke hutu a da? Da Baba ya ambaci gidan tafki, ya sunkuyar da kai kamar an yi masa rasuwa. Ya ce iyali ba ya tsayuwa sai da wurin da yake komawa. Ya ce otal na baƙi ne, amma wannan gida ne, jikoki za su girma suna cewa "wurinmu." Sannan ya nuna mana majigi: gidaje a bakin teku a ƙasashe masu rana, waɗanda wai za mu iya musayar makonmu da su in mun gaji da sanyi.

Pasi ya gyara zama ya ce, "To mu zo kan lissafi."

Niklas ya yi murmushi kamar da ma shi yake jira. Ya juya kujerarsa gaba ɗaya zuwa ga Pasi. Ya ce da ganinsa ya san mutumin kasuwanci ne, ba sai an ɓoye masa komai ba. Ya zana masa yadda kuɗin otal ke hawa duk shekara, da yadda fili a gindin tudun ya kusa ƙarewa, da yadda za a iya ba da makon haya in ba a zo ba. Pasi ya yi tambaya biyu masu kaifi, Niklas ya ce, "Ka ga, wannan tambayar ba kowa ke yin ta ba." Na ga kunnuwan yayana sun yi ja don daɗi. Kafin kofinsa ya huce ya karɓi biro yana zana nasa lissafin a gefen takarda, yana cewa, "In aka duba shekara ashirin, ai ba asara ba ce."

Na take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya ce, "Mervi, ki bari in gama. Ba haka na zata abin yake ba."

Ni ma ba wani ƙarfi gare ni ba. Niklas ya juyo kaina ya ce, a hankali, ya san wuyar zama nesa da iyaye. Ya ce yawancin 'ya'yan da ke zama a kujerar nan abin da suke nema shi ne dalilin da zai tilasta musu zuwa, kuma mako da aka biya ba a ƙin zuwa. Ban iya kallon Mama ba. Na ji bakina yana cewa, "Wataƙila in muka haɗa hannu a kuɗin shekara-shekarar..."

Haka masu gadi biyu suka faɗi tun kafin a taɓa wanda suka zo gadi.

Niklas ya jawo yarjejeniyar ya ajiye gaban Baba, ya ɗora biro a kai. Baba bai taɓa ba. Tun da aka fara bai ce komai ba sai "to" da "haka ne." Yanzu ya cire tabaransa ya goge da gefen rigarsa, ya mayar.

Ya ce, "Niklas, wane mako ne?"

"A wannan farashin, farkon Nuwamba."

"Akwai ƙanƙara a lokacin?"

"Wasu shekarun tana sauka da wuri."

"Wasu shekarun kuma taɓo ne da duhu. Na tuƙa bas a Nuwamba, na san shi. Yara suna makaranta. Mervi tana aji. Makon hutun makaranta fa?"

Niklas ya faɗi farashin. Ya ninka na farko kusan uku. Ya yi sauri ya ƙara da cewa ai ana musaya.

"Wa zai ba ni Maris ya karɓi Nuwamba?" in ji Baba. Ba da gatse ya yi tambayar ba, da gaske yake son ya ji. Niklas ya yi bayani mai tsawo a kan maki da jerin masu jira. Baba ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Kuma ka ce har abada ne."

"Har abada. Gado ne ga 'ya'ya da jikoki."

"Da kuɗin kula da ginin na duk shekara?"

"Eh, yana tafiya da makon."

"Ko an zo ko ba a zo ba."

"Haka tsarin yake."

"In na gaji, ku kuna saye?"

"Mu ba ma saye, amma akwai kasuwa."

Baba ya dubi takardar ya daɗe. Ina kusa da shi, na ga gumi a goshinsa. Sannan ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Ka yi ƙoƙari ƙwarai. A'a."

Ni da Pasi muka dubi juna. Tunda aka haife ni ban taɓa jin kalmar ta fito daga bakinsa haka ita kaɗai ba.

Niklas bai girgiza ba. Ya ce ya fahimta, babbar shawara ce, bari ya kira manajansa ko akwai abin da za a yi. Manajar ta shigo, mace mai kamar shekara hamsin, da murya mai daɗi da ƙamshin turare. Ta gaisa da kowa da hannu. Ta ce yanzu-yanzu wani iyali ya janye daga wani mako a ƙarshen Janairu, za ta ba mu shi a farashin Nuwamba, amma sai in an sa hannu yau, don akwai masu jira a ɗakin gaba.

Pasi ya ce, "Baba, wannan fa..."

Baba ya ɗaga masa hannu, irin yadda yake tsayar da mota in yara za su tsallaka. Ya ce da matar, "In akwai masu jira, ki ba su. Kada mu tare musu."

"Ba na so ku yi nadama ne, Malam Moilanen. Gobe wannan farashin babu shi."

"Abin da ba zai kai gobe ba, ba zan saye shi don har abada ba. A'a, na gode."

Wannan karon ta fito masa da sauƙi.

Matar ta san aikinta. Ta bar Baba, ta zagaya ta durƙusa kusa da kujerar Mama, ta dafa hannunta mai lafiya. Ta ce, "Ke fa, Terttu? Na ji an ce jiya kin shiga sauna da ƙafarki. Kina son wurin nan, ko ba haka ba?"

Mama ta yi ta kokawa da bakinta. Ta ce, "Ina... so."

"Kun ji," in ji matar, ta miƙe tana kallon Baba. "Wani abin ba a auna shi da kuɗi."

Na ga fuskar Baba ta sauya. Nan ne wurin da ya fi ciwo, kuma matar ta san ta taɓa shi. Ya dubi Mama, ya dubi biron. Hannunsa ya tashi daga gwiwa ya sauka a kan tebur, ɗan nesa kaɗan da takardar. Na tuna aikina shi ne in hana shi ɗauka, amma ban motsa ba, don ni kaina ban san abin da ya dace ba.

Ya ce, "Na san tana so. Tun jiya na gani, ba sai an gaya mini ba. Da niyyar saye na zo, in ya yi mata. Kuɗin nata ne kamar yadda suke nawa." Ya numfasa. "Amma ke kina sayar da har abada, mu kuwa ba mu da shi. Abin da muke da shi hunturun bana ne, da na baɗi in an yi rai, da wataƙila wasu kaɗan a bayansu. Ban san ko nan da shekara uku za ta iya zaman mota na rabin yini ba. Ban san ko ni zan iya tuƙawa ba. In na zuba kuɗin duka a mako ɗaya a nan, ranar da ta ce teku take son gani, me zan ce mata? Ranar da take bukatar mai kula da ita a gida, in ce ta jira Janairu? Tana son wurin nan, to zan dawo da ita. Zan kama haya, a makon da rana ta dawo, in biya na wannan makon in tafi ba wanda ke bina. In ta so mu sake, mu sake."

Matar ta buɗe baki za ta yi magana. Mama ta zare hannunta daga ƙarƙashin nata, ta buga tebur da tafin hannu, ba da ƙarfi ba. Kowa ya juya. Ta ɗauki lokaci, kuma ba wanda ya isa ya katse ta.

"Veijo," ta ce. "Ya ce... a'a."

Sai ta fashe da dariya, irin dariyarta ta da, wadda ɓarin bakin da ya karkace bai iya hanawa ba. Baba ya miƙe ya jawo mata kekenta. Ya ba manajar hannu, ya ba Niklas hannu, ya ce masa kofin ya yi daɗi, kuma ya gode da yadda ya jira Terttu ta amsa da bakinta. Niklas ya raka mu har ƙofa, ya riƙe ta Mama ta wuce.

A waje sanyi ya doke mu a fuska. Muka taka a hankali a kan hanyar da aka share, Mama a gaba tana tura kekenta. Da muka kusa gida Pasi ya ce, "Ni fa gwada shi nake yi. Ina so in ga iyakar ƙaryarsa."

Na ce, "Shi ya sa ka zana masa shekara ashirin a takarda?"

"Ke da kika ce mu haɗa hannu fa?"

"Ku yi mini shiru," in ji Baba. "An turo mini masu gadi, na ƙare ina gadinsu."

Na ce, "Wa ya ce maka gadi muka zo?"

"Mervi, shekara nawa rabon da ku biyu ku shiga mota ɗaya? Na ce ku zo bikin haihuwar mamanku, ɗaya ya ce aiki, ɗaya ta ce yara. Na ce wani yaro zai sayar mini da mako, Juma'a da safe kuna ƙofar gida da jakunkuna."

A gida ya dafa kofi, ya fito da burodin kirfa da ya toya da kansa ya taho da shi, wanda ban san ya iya ba. Na tambaye shi yaushe ya koyi cewa a'a.

Ya ce, "A asibiti. Da za a sallami mamanku, likita da wata jami'a suka zaunar da ni, suka ce ba zan iya da ita a gida ba, akwai gado a gidan kula da marasa lafiya, in sa hannu. Na waiwaya ina neman wadda za ta karɓi maganar daga hannuna, sai na tuna tana kwance a ɗakin gaba ba ta iya faɗin sunanta. To na ce a'a. Suka sake kira na, na sake cewa. Ban yi barci ba a ranar don kunya, amma na ga ban mutu ba."

"Me ya sa ba ka gaya mana ba?" in ji Pasi.

"Kun tambayi jikinta, na ce da sauƙi. Ba ku tambayi sauran ba."

Pasi ya sunkuyar da kai yana juya kofinsa. Baba bai bar mu cikin kunyar ba, ba halinsa ba ne. Ya tura mana farantin burodi ya ce, "Ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake yi ba. Mako ɗaya a shekara. Ku da matarka da mijinki da yara duka. Ku biyu ku zauna ku zaɓi makon, mamanku ta zaɓi wurin, ni in biya haya. Ba takarda, ba sa hannu. Wanda bai zo ba, shi zai kira ta ya gaya mata da bakinsa, kuma ya jira ta amsa."

Muka ce to. Muka fito da wayoyinmu a nan take, muka yi rigimar da ta kai mu har kofi na biyu, don hutun makarantar Tampere da na Oulu ba sa haɗuwa a mako ɗaya. Daga ƙarshe Pasi ya ce zai nemar wa yaransa izini a makaranta, ni kuma na yarda zan ɗauki girkin kwana huɗu a madadin haka. Da aka tambayi Mama wurin da take so, ta nuna taga.

Pasi, don ya wanke kansa, shi ya ɗauki neman haya. Cikin mako guda ya kira ni yana dariya. Ya ce masu makonni a ginin nan da suke neman wanda zai karɓi haya sun fi a ƙirga, wasu ma neman wanda zai karɓi makon kyauta suke yi don su huta da kuɗin shekara. Ya samu gidaje biyu maƙwabtan juna a hannun wata tsohuwa da ƙanwarta waɗanda gwiwoyinsu suka daina yarda da tafiyar. Tsohuwar ta yi ta masa godiya kamar shi ya yi mata alheri.

Muka koma a ƙarshen Fabrairu, mu goma, a mota uku. Rana ta dawo, ƙanƙara tana ɗaukar ido har sai an sa baƙin tabarau. Yara suka cika gidan da safa jiƙaƙƙu da hayaniya, suna tsokanar kakansu wai ya tsufa ba zai iya hawa tudu ba, shi kuma yana ce musu sai sun fara koyon ɗaure takalmansu kafin su yi masa magana.

A rana ta uku Baba ya fita da safe ya dawo yana tura kujerar zamiya, irin mai dogayen ƙarafa biyu a ƙasa, wadda mutum ke zama a gaba wani ya tsaya a baya yana tunkuɗawa da ƙafa. Ya aro ta ne a wajen masu kula da gini. Ya shimfiɗa fatar barewa a kai, muka naɗe Mama da bargo har wuya, muka gangara tafkin da ke bayan gidajen, wanda ya daskare, inda aka share hanya doguwa a kan ƙanƙara har tsallake.

Na ce, "Baba, a hankali dai."

Ya ce, "Shekara talatin ina ɗaukar fasinja, ban taɓa kayar da ko ɗaya ba."

Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙarfe, ya tunkuɗa da ɗayar. Kujerar ta tafi sulu. Ya sake tunkuɗawa. Jikoki suka bi su a guje suna ihu, suna faɗuwa suna tashi. Ni da Pasi muka tsaya a bakin tafki, hannuwanmu a aljihu. Sun yi ɗan nisa sai muka ji muryar Mama ta taso a kan ƙanƙarar, sarai, ba maƙalewa ko kaɗan.

"Ƙara gudu, Veijo!"

Baba ya sunkuya ya ƙara. Hularsa ta tashi ta faɗi a baya, bai ko waiwaya ba. Ƙaramar 'yar Pasi ta tsince ta ta kifa a kanta, ta ci gaba da bin su, har suka zama ƙanana a tsakiyar farin tafkin, suna nufar tsallake.